Bututun Doba na da inshora, gidan unguwar Waliya ba shi da ita

A damunar 2024, lokacin da kogin Logon ya cika ya batse har ya shiga unguwannin Kuseri, na je jaje wurin wani kawuna da ke da shagon hatsi da tsohuwar mota mai ɗaukar kaya tsakanin Marwa da Injamena. Ruwa ya kai gwiwa a cikin shagon, buhunan da ke ƙasa sun jiƙe har sun fara tsiro. Na ce masa, "Kawu, ba ku da asirans ne?" Ya zaro wata leda daga aljihun gaba, ya warware, ya nuna mini takardar mota da katin nan mai ruwan hoda da ake nunawa a gadar Ngeli. Ya ce, "Ga ta nan, ɗana. Ta jandarma ce. Ba ta san ruwa ba."

Gaskiya ya faɗa. Takardar da ke hannunsa tana biyan diyya ne ga wanda motar ta buge, ba ruwanta da buhun masara. Iyakar sanin da yawancinmu muka yi wa inshora ke nan, wato takardar da ke raba direba da rigima a shingen hanya.

Amma a wannan ƙasa da Kawu ke tsaye cikin ruwa akwai dukiyar da inshora ta san da zamanta sosai. Tun 2003 ɗanyen mai ke tafiya a cikin bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga rijiyoyin yankin Doba a kudancin Chadi zuwa gaɓar teku a Kiribi. Aiki irin wannan ba ya tashi sai da inshora: banki ba ya sakin bashi sai ya ga takardar wanda zai biya idan gobara ta tashi, ɗan kwangila ba ya kawo injinsa, jirgin dakon mai kuma ba ya shiga tashar ruwa sai da shaidar wanda zai ɗauki nauyi idan man ya malala. Wanda ya san kasuwar shanu zai gane wannan da sauri. Baƙon da ya zo da garke ba ya sayarwa bashi sai maigidan da ya sauke shi ya tsaya lamuni, domin idan mai saye ya gudu, maigidan za a kama. Kamfanin inshora shi ne wannan maigida a kasuwar mai da gas da kwal. Shi ya sa tun wajen shekaru goma da suka wuce masu fafutukar sauyin yanayi suka lura cewa ba sai sun je bakin rijiya sun yi zanga-zanga ba, ya isa su matsa wa mai tsayawa lamuni ya janye hannunsa. Daga nan muhawarar ta samo asali: shin hukumomin da ke sa ido kan kamfanonin inshora suna da hurumin tsoma baki a alaƙarsu da masu haƙar mai, kuma har ina hurumin ya tsaya?

Alaƙar hannu biyu gare ta, kuma galibi ɗaya ake gani. Na farko shi ne wanda na ambata, tsaya wa aikin mai. Na biyun ya fi girma amma a ɓoye yake. Kamfanin inshora yana karɓar zubi yau, diyya kuwa sai bayan watanni ko shekaru, a inshorar rai ma sai bayan shekaru ashirin ko talatin. Kuɗin ba a ƙarƙashin katifa yake kwana ba. Ana sayen hannun jari da takardun bashi da shi, shi ya sa kamfanonin inshora ke cikin manyan masu zuba jari a duniya, kuma wani kaso na wannan dukiya yana cikin kamfanonin mai da na kwal. Sai ya zama kamfani ɗaya yana cin riba a wurin mai kunna wuta, yana kuma biyan diyya ga wanda gidansa ya ƙone. Kuma ba a rashin sani ba: Munich Re na Jamus, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke yi wa masu inshora inshora, ya yi gargaɗi kan ɗumamar yanayi tun 1973, saboda su ne ke riƙe da lissafin ambaliya da guguwa na shekara da shekaru.

Wanda ya shigar da maganar cikin harshen masu sa ido shi ne Mark Carney, lokacin yana gwamnan babban bankin Ingila. A watan Satumba na 2015 ya yi jawabi a kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan, ya kasa haɗarin gida uku. Akwai ɓarnar da ido ke gani, ta ruwa da iska da wuta. Akwai haɗarin shari'a, idan waɗanda suka yi asara suka maka masu gurɓata iska a kotu, diyyar kuma ta faɗo kan mai inshorarsu. Sai na uku, wanda ya fi damun masu lissafi: idan duniya ta juya wa kwal da mai baya da sauri, rijiyoyi da ma'adinan da aka zuba wa biliyoyi za su koma kufai, takardun jarinsu su zama na naɗe ƙosai. Dabarar Carney ita ce bai roƙi kowa ya tausaya wa duniya ba. Ya ce aikin mai sa ido shi ne tabbatar da cewa kamfani zai iya biyan abin da ya yi alkawari, kuma sauyin yanayi yana barazana ga wannan iyawa. A wannan shekarar shugaban kamfanin inshora na AXA na Faransa a lokacin, Henri de Castries, ya ce duniyar da zafinta ya ƙaru da digiri 2 wataƙila a iya yi mata inshora, amma mai digiri 4 ba za a iya ba. AXA ta fara sayar da jarinta na kwal a 2015, a 2017 kuma ta daina tsaya wa sababbin ayyukan kwal. Wasu manyan na Turai suka biyo baya, har Munich Re ya sanar a 2022 cewa daga Afrilun 2023 ba zai ƙara tsaya wa sababbin rijiyoyin mai da gas ba.

Duk wannan da ganin dama aka yi shi, ba doka ta sa ba, kuma abin da aka yi da ganin dama da ganin dama ake barinsa. A 2021 manyan kamfanoni suka kafa ƙawance a ƙarƙashin hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake taƙaita sunansa NZIA, da alkawarin rage hayaƙin da ke fitowa daga harkokin da suke tsaya wa. A ƙarshen Maris na 2023 Munich Re ya fice, yana cewa yana tsoron a zarge shi da karya dokar gasa. A watan Mayu manyan lauyoyin gwamnatin jihohi 23 na Amurka, 'yan jam'iyyar Rifablikan, suka rubuta wa mambobin wasiƙa cewa haɗa baki a ƙi wani abokin ciniki na iya zama laifi. Cikin 'yan makonni AXA da Allianz da SCOR da Swiss Re duk suka kama gabansu, kamar 'yan kasuwar ƙauye da suka hango hadari. A Afrilun 2024 aka rufe ƙawancen, aka maye gurbinsa da wani dandalin tattaunawa da ba ya ɗaure kowa. Wasiƙa ɗaya ta rusa abin da aka yi shekara biyu ana ginawa.

Abin da ya rage shi ne doka, kuma a nan hanyoyi suka rabu. Mafi sauƙi ita ce tilasta bayyanawa: kamfani ya faɗi nawa ya zuba a mai da kwal. Kwamishinan inshora na jihar Kalifoniya, Dave Jones, ya yi haka a 2016, ya kuma nemi kamfanoni su janye jarinsu daga kwal don kansu. Hanya ta biyu ita ce gwajin juriya, inda hukuma ke ba kamfanoni labarin shekaru masu zuwa, ambaliya ta ninka, farashin mai ya faɗi, ta ce su lissafa ko za su tsira. Hukumar sa ido ta Faransa ta yi irin wannan gwaji a 2020 zuwa 2021. Ta uku ta fi cizo: a ce duk wanda ya riƙe jarin mai sai ya ajiye ƙarin kuɗin kariya a gefe, saboda jarin ya fi haɗari. Hukumar inshora ta Tarayyar Turai, EIOPA, ta ba da wannan shawara a Nuwamban 2024. Wannan ba hani ba ne, tsada ce ake ƙara wa abu har mai shi ya sake tunani. Ta huɗu, wato a haramta tsaya wa sababbin rijiyoyi kai tsaye, ita masu fafutuka ke so, ita kuma masu sa ido ke gudu, domin suna ganin aikin majalisa ne ba nasu ba. A ɗaya gefen kuma jihar Teksas ta yi doka a 2023 da ke hana masu inshora amfani da ma'aunin muhalli wajen yanka farashi. Ƙasa ɗaya, jiha na cewa ka duba, jiha na cewa kada ka kuskura ka duba.

Ana cikin wannan ja-in-ja kasuwa ta fara yanke nata hukuncin. Tun 2020 diyyar da kamfanonin inshora ke biya kan bala'o'i a duniya ke haura dala biliyan 100 kowace shekara. A Mayun 2023 State Farm, mafi girman mai inshorar gidaje a Kalifoniya, ya daina karɓar sababbin gidaje a jihar, ya ambaci wutar daji da tsadar gini da tsadar inshorar da shi kansa ke saye. Kwangilar inshorar dukiya ta shekara ɗaya ce. Idan unguwa ta yi haɗari, kamfani ya ƙara kuɗi ko ya tattara ya tafi, mai gida kuwa ba zai ɗauki gidansa a ka ba. Mutanen Kalifoniya yanzu suke ɗanɗana abin da mu muka tashi a ciki.

To mu a nan wa ke sa ido? Da yawa daga cikinmu ba su san cewa dokar inshorar Kamaru da ta Chadi ɗaya ce ba. A ranar 10 ga Yuli 1992 aka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar da ta kafa CIMA, ƙungiyar kasuwannin inshora ta ƙasashe 14, har da Nijar da Benin da Senegal. Sakatariyarta na Libirebil a Gabon, kundin dokokinta ya fara aiki a 1995, kuma tana da kwamitin sa ido guda, CRCA, mai ikon bincike da ladabtarwa har da ƙwace lasisi. Wannan tsari ne da Turai kanta ba ta kai gare shi ba, domin can kowace ƙasa da mai sa idonta. Sai dai yaƙin da CIMA ta yi shekaru tana yi na cikin gida ne: kamfanoni masu karɓar zubi su ƙi biyan diyya, dillalai masu riƙe kuɗin mutane, jarin da bai taka kara ya karya ba. A 2011 aka gyara sashe na 13 aka ce babu inshora sai an biya zubi. A 2016 aka yanke cewa mafi ƙarancin jarin kamfani zai tashi daga sefa biliyan 1 zuwa biliyan 5, a mataki-mataki. Duk wanda ya taɓa bin diyyar haɗarin mota daga ofis zuwa ofis ba zai ce wannan aiki ba shi da amfani ba. Amma yana nufin maganar yanayi ta zo ta tarar da hukuma tana fama da kashe wutar gabanta.

Wani zai ce ai dama ba matsalarmu ba ce, kamfanoninmu ƙanana ne, ba su da jarin da za su zuba a rijiyoyin Teksas. A ganina nan ne kuskuren yake, domin mai ya shiga littafin kamfanoninmu ta ƙofofin da ba a rubuta "mai" a kansu ba.

Ƙofa ta farko takardun bashin gwamnati ne. Kundin CIMA ya tanadi cewa kuɗin da kamfani ya tara don biyan diyya a ajiye shi a kadarorin da doka ta amince da su, a cikin yankin, kuma takardun bashin gwamnatoci na kan gaba, sai ajiyar banki da gine-gine. Manufar mai kyau ce, kada kuɗinmu ya tafi ya gina Faris. Amma da me gwamnatocin yankin sefa na tsakiyar Afirka ke biyan bashi? Chadi da Kongo da Gabon da Gini Ikwatoriya duk da kuɗin mai suke numfashi, Kamaru ce ke da ɗan sauƙi. Mun ga yadda abin ke kasancewa. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, a farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30. A 2014 ɗin Chadi ta ci bashin kusan dala biliyan 1.4 a hannun kamfanin cinikin mai na Glencore don sayen kason Chevron a rijiyoyin Doba, da alkawarin biya da ɗanyen mai. Da farashi ya karye sai ga "matakai 16" na tsuke bakin aljihu a 2016, aka zabge alawus ɗin ma'aikata, makarantu da asibitoci suka shiga yajin aiki, bashin kuma sai da aka sake tsara shi a 2018, aka kuma sake a 2022. Wannan faɗuwar farashi ce ta 'yan shekaru. Haɗari na uku da Carney ya ambata shi ne irinta wadda ba ta tashi. Kamfanin inshorar rai a Duwala ko Injamena da bai taɓa sayen hannun jarin kamfanin mai ko ɗaya ba, yana iya zama ya fi na Faris dogaro da farashin ganga, kuma gine-ginen da ya saya da bankin da ya ajiye kuɗi duk a kan igiya ɗaya suke rataye.

Ƙofa ta biyu ita ce inshorar masu inshora. Babu kamfanin cikin gida da zai iya ɗaukar nauyin matatar mai shi kaɗai. Wanda ya tuna gobarar matatar SONARA a Limbe ranar 31 ga Mayu 2019, wadda ta tsayar da tace mai a Kamaru, ya san girman asarar da ake magana. Abin da aka saba shi ne kamfanin gida ya sa hannu a takarda, ya riƙe ɗan kaso, ya miƙa sauran ga manya: CICA-Re da ke Lome, Africa Re da ke Legas, sannan na Turai da kasuwar Landan. A 2016 CIMA ta gyara sashe na 308 don taƙaita abin da ake fitarwa waje, amma manyan haɗurra irin na mai har yanzu ƙarshensu a waje yake. Ma'ana, shawarar da aka yanke a Munik ko Zurik tana isowa Doba da matatar man Chadi ta Jarmaya ba tare da an tambaye mu ba. Haka ma tsada: idan guguwa ta yi ɓarna a Filorida, manyan suna ƙara farashi ga kowa a sabuwar shekara, har da kamfanin da ke yi wa sito inshora a Garwa.

A nan ne zuciyar ɗan Afirka ke tafasa, kuma da dalili. Nahiyar gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa a shekara ba. Chadi na cikin ƙasashen da mafi yawan mutanensu ba su da lantarki, amma a ma'aunin ND-GAIN na jami'ar Notre Dame ita ke zuwa can ƙarshe, a matsayin wadda sauyin yanayi ya fi yi wa barazana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da manyan kamfanonin Turai suka ƙi tsaya wa bututun EACOP mai kilomita 1,443 daga Hoima a Yuganda zuwa Tanga a Tanzaniya, shugabannin can suka ce waɗanda suka gina arzikinsu da kwal ne ke hana wasu taɓa nasu, alhali rijiyoyin Tekun Arewa da na Amurka na ci gaba da samun mai tsaya musu. Wannan magana ba ta da amsa mai sauƙi.

Sai dai ni ba na yarda a yi amfani da ita a rufe bakin kowa. Mu mun riga mun gwada. Bankin Duniya ya sa hannu a bututun Doba bisa sharaɗin dokar 1999 da ta ware kuɗin mai don lafiya da ilimi da asusun 'yan baya. A ƙarshen 2005 aka gyara dokar aka soke asusun, a 2008 bankin ya janye. Shekara ashirin da ɗoriya ana tura mai zuwa Kiribi, mu a arewacin Kamaru kuma babura da zuwa-zuwa, wato fetur na kwalba da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, suka rayu, har sai da aka cire tallafi can a 2023 muka ji a jika. Wanda zai kare haƙƙin Chadi na haƙo manta sai ya yarda a tambaye shi ina man ya tafi.

Abin da nake gani ya fi muhimmanci, kuma ba a cika faɗarsa ba, shi ne bambanci tsakanin sabuwar rijiya da tsohuwa. Idan babban kamfani ya ƙi sabon aiki, aikin na iya tsayawa ko ya yi tsada. Idan kuwa ya janye daga rijiyar da ke aiki, man ba ya daina fita. Hannu kawai yake sauyawa. Mun gani: ExxonMobil ya sayar da kasonsa ga Savannah Energy a ƙarshen 2022, gwamnatin Chadi ta ƙi amincewa ta mayar da kadarorin na ƙasa a Maris 2023. Manya na fita, ƙanana da gwamnatoci na gadon bututun da ya tsufa. Idan masu inshora masu ƙarfi su ma suka fita, wa zai turo injiniya ya duba tsatsa kafin ya sabunta takarda, kuma wa zai biya masunta da manoma idan mai ya zuba a kogi? Tambayar ba ta tatsuniya ba ce. A 2013 Chadi ta dakatar da kamfanin CNPC na Sin saboda zubar da ɗanyen mai, ta ci shi tarar dala biliyan 1.2 a 2014, aka sasanta a kan miliyan 400. Ga mutumin ƙauyen da ke kusa da rijiya, dokar da ta tilasta inshorar gurɓata muhalli mai ƙarfi, a hannun wanda zai iya biya, ta fi masa amfani da sanarwar janyewa da aka karanta a Turai. Haka ma kuɗin gyara wuri bayan rijiya ta ƙafe, wanda babban bankin yankin, BEAC, ya daɗe yana ja da kamfanonin mai a kan su dawo da shi gida su ajiye.

Saboda haka, da za a tambaye ni abin da CIMA za ta fara da shi, ba haramci zan ce ba. Ta sa kowane kamfani ya bayyana nawa ne na dukiyarsa ke rataye da mai, kai tsaye ko ta bashin gwamnati, ta kuma gwada su da labari biyu a lokaci ɗaya: ganga ta faɗi ta ƙi tashi, kogunan Shari da Logon kuma sun yi ambaliya a shekarar. Ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta yi wannan, kuma lauyoyin Teksas ba su da iko a Libirebil.

Sai ɗaya rabin maganar, wanda ya shafi Kawu. A Oktoban 2022 Shari da Logon suka haɗu suka mamaye Waliya da sauran unguwannin kudancin Injamena, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci, mutum sama da miliyan 1 abin ya shafa a faɗin ƙasar. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution suka lissafa cewa ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar irin wannan damuna a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80. Bayan shekara biyu kacal, a 2024, ta fi haka muni: kusan mutum miliyan 2 a Chadi, sama da 570 suka rasu, gonaki sama da hekta 400,000 suka nutse. A Yagwa gada ta karye ta raba gari biyu, a Maiduguri madatsar Alau ta ɓalle. Kusan duk wannan asara babu mai biya, domin zubin inshora a Kamaru bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na tattalin arziki ba, a Chadi kuwa bai ma kai haka ba.

Me ya sa ba mu iya rufa wa juna asiri kamar yadda muka saba? Adashi da gayya da gudummawar dangi suna aiki ne saboda masifa na zuwa ɗaya-ɗaya. Gobara ta ci shago ɗaya, 'yan layi su haɗa masa jari. Ambaliya kuwa layin gaba ɗaya take ɗauka, da mai bayarwa da mai karɓa. Ƙaramin kamfanin inshora ma wannan ce matsalarsa, shi ya sa yake tsame ruwa daga takardarsa ko ya sa masa farashin da ba mai iya biya. Haɗari irin wannan sai an baza shi a faɗin ƙasashe, inda damunar Senegal ba ta tafiya tare da ta Mayo Danai a arewacin Kamaru, kuma abin mamaki muna da rumfar da za ta iya hakan, ƙasashe 14 a ƙarƙashin doka ɗaya.

Akwai misalai, kuma ba daga nesa ba. Faransa, wadda daga dokarta aka tsamo kundinmu, tun 1982 ta ɗora ƙarin kaso na dole a kan kowace inshorar dukiya don bala'o'i, gwamnati na tsaye a baya. Daga Janairun 2025 ta ɗaga kason daga kashi 12 zuwa 20. Maroko ta fi kama da mu: daga 2020 ta kafa tsari mai asusun haɗin kai da ke biyan waɗanda ba su da inshora sam, ana ciyar da shi da harajin kashi 1 a kan zubin inshora. A yankinmu, ina manyan zubin suke? A motoci, da masana'antu, da harkar mai. Ɗan kaso daga zubin bututu da matata da tankokin da ke bin hanyar Ngaundere zuwa Kuseri, a zuba shi a asusun ambaliya na yanki, shi ne wuri ɗaya da na ga hannayen nan biyu na inshora za su iya haɗuwa su amfani wanda ruwa ya ci. Na san abin da mai karatu zai ce, wa zai riƙe asusun? Tambaya ce mai kyau, kuma asusun 'yan baya na Chadi ya isa ishara. Shi ya sa zan fi son a ɗaure biyan da ma'auni, misali idan ruwan Shari ya kai tsayi kaza a ma'aunin Injamena kuɗi ya fita, ba sai wani ya sa hannu ba.

Ma'aunin ma yana kuskure. Hukumar ARC ta Tarayyar Afirka, mai sayar wa gwamnatoci inshorar fari, ta biya Nijar da Senegal da Muritaniya dala miliyan 26 a farkon 2015, abin ya yi kyau. A Malawi kuwa a 2016 mutane na yunwa kwamfuta na cewa babu fari, domin an shigar mata da irin masarar da manoma ba ita suke shukawa ba. Sai a Janairun 2017 aka biya dala miliyan 8.1. Wanda zai tsara irin wannan a nan dole ya san cewa ruwan da ya kashe shinkafar Yagwa shi ne ke jiƙa firgin da za a dasa masakwa idan ya janye, kuma makiyayi da masunci ba lissafi ɗaya suke yi wa cikar kogi ba. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin wannan sai an gaya masa.

Ga kuma abin da ke zukatan mutanenmu, wanda masu zama a Libirebil ba lallai su ji shi ba: malamai da dama na ƙyamar inshorar kasuwa saboda riba da garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kamanninta da caca. CIMA ta buɗe ƙofar ƙaramar inshora a 2012, ta kuma fitar da ƙa'idojin takaful a 2019, tsarin da mahalarta ke zuba kuɗi a matsayin taimakon juna, abin da ya rage kuma nasu ne. Asalinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya ji hadisin Ash'ariyawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci suke tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Doka na nan a takarda. Da na yi wa Kawu bayaninta bayan ruwa ya janye, muna shanya abin da ya tsira a kan tabarma, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To a ina ofishinsu yake a Kuseri?"